Haɗa waya da talabijin ba tare da igiya ba: madubi, aike, ko ɗan maƙale?

Watan jiya ƙanwata ta tare a wajen Ƙofar Marusa. Cikin kayan da aka jera mata har da talabijin mai inci 43, irin wanda ake ce wa simat. Kwana uku da tarewa sai ga kiranta: "Yaya, don Allah wai sai mun sayi wani abu kafin bidiyon biki ya fito a talabijin ɗin nan? 'Yan ganin ɗaki sai zuwa suke, kowa sai na miƙa mashi waya." Kafin ta kira ni mijinta ya zaga shaguna biyu. Mai shagon farko ya ce akwatin Android zai saya, na biyu ya zaro masa ɗan AnyCast a kwali, wato ɗan maƙalen da ake sokawa a bayan talabijin, wani abokinsa kuma ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, talabijin ɗin da kansa zai yi. Su ukun babu wanda ya yi ƙarya. Kowa dai tambayar da ke kansa ya amsa, ba wanda ya tsaya ya ji me ake son kallo.

Abin da za a auna kafin a zaro kuɗi

Tambayar farko, wadda ta fi sauran nauyi: abin da kake son kallo a ina yake? Yana cikin wayarka, irin bidiyon kamu da dina, ko fina-finan da aka tura maka a shagon masu turi, ko karatun da aka aiko ta WhatsApp? Ko kuwa yana can kan intanet, sai an buɗe YouTube ko Facebook a jawo shi? Amsar wannan ita ke raba hanya gida biyu, domin duk na'urorin da ake talla ɗayan aiki biyu suke yi.

Aikin farko zan kira shi madubi. Duk abin da ke fuskar wayarka shi ne zai fito a talabijin, ka juya ta ya juya, ka kashe ta ya ɗauke. Na biyu aike ne. Wayar ba ta tura hoton da kanta, sai dai ta faɗa wa talabijin "je ka wuri kaza ka ɗauko bidiyo kaza", shi kuma ya shiga intanet da ƙafarsa ya ɗauko. Daga nan wayar ta koma rimot kawai.

Sai data. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin layi ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ba mai kallon data da wasa. Babban allo kuwa babban ciki gare shi. Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya kan ci har 1GB a hoto na gama-gari, har 3GB a HD, har 7GB a 4K. Saboda haka ya kamata ka san wa ke riƙe da linzamin ingancin hoto, kai ko talabijin.

Sauran ma'aunan su ne irin wayarka da irin talabijin ɗinka, kuɗin saye, ƙarko a garin da wuta ke zuwa ta koma kuma zafin Afrilu ke gasa komai, sauƙi (ma'aunina a nan shi ne ko Hajiya za ta iya kunnawa in ba ka gida), da kuma haɗari, musamman na tonon asiri. Ba zan sa farashi a naira ba domin kafin ka gama karantawa ya motsa. Zan dai nuna wanne ya fi wanne tsada.

Madubin da ke cikin talabijin

Sunansa na asali Miracast, ƙungiyar Wi-Fi Alliance ce ta fito da shi a 2012, amma da wuya ka ga wannan sunan a rubuce, don kowane kamfani ya raɗa masa nasa. A wayar Samsung ana ce masa Smart View. A talabijin na LG, Screen Share. A Hisense na da, Anyview Cast, a na baya-bayan nan kuma Screen Sharing. A Tecno da Infinix da Redmi yawanci Cast za ka gani in ka jawo saman fuskar waya.

Abin da ya sa na fara da shi: ba ya buƙatar rawuta ko MiFi, wato na'urorin da ke ba gida Wi-Fi, ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Waya da talabijin ne ke ƙulla Wi-Fi tsakaninsu kai tsaye. Ka kunna Wi-Fi a waya ko da ba ka shiga na kowa ba, ka buɗe wurin karɓa a talabijin, ka taɓa sunansa in ya bayyana, ka amince da rimot. In bidiyon na cikin waya, ko kilobayit ɗaya ba za ka ƙona ba. In kuma YouTube kake kallo, datar wayarka ce ke tafiya, kuma kai ne ke zaɓar inganci: ka sa 480p, haka zai tsaya. Hoton ba zai yi tas ba a inci 43, amma ga wa'azi ko hira ya wadatar.

Wani ɗan abu da ke hana mutane da yawa: a wasu wayoyin, Cast ba ya ganin talabijin sai ka taɓa ɗigo uku na sama ka kunna Enable wireless display. Na ga waɗanda suka haƙura suka ce wayarsu ba ta yi, alhali wannan ne kaɗai ya rage. Akwai kuma waɗanda da gaske ba sa yi. iPhone ba ta san Miracast ba. Google ta cire shi daga Android nata tun siga ta 6, don haka wayoyin Pixel ba su da shi, sauran kamfanoni ne ke mayar da shi da kansu. Wasu ƙananan wayoyi masu Android Go ma babu.

Kuɗi babu, ƙarko kuma na talabijin ɗin ne. Wahalar tana kan waya. Ita ce ke ɗaukar hoton fuskarta tana matse shi tana aikawa daƙiƙa bayan daƙiƙa, sai ta yi zafi, batir ya riƙa zuba. In ka jona caji kana yi a watan bazara, ka cire mata riga, kar kuma ka ajiye ta kan kujerar soso. Hoton yakan ɗan makara, wani lokaci murya ta riga baki. Kira ya shigo, kallo ya tsaya, mutanen falo su zuba maka ido. Manhajojin da ke kulle fina-finansu irin Netflix kuwa sau da yawa baƙin allo za su ba ka, murya na tafiya hoto babu.

Babban haɗarinsa shi ne madubi ba ya ɓoye komai. Da Sallar Gani a Daura na haska wa kawuna bidiyon hawan da na ɗauka, falo cike da 'yan uwa. Ana tsakar kallon dawakai sai saƙon banki ya sauko daga sama, da manyan baƙaƙe, har da abin da ya rage a asusu. Kawu bai ko juyo ba ya ce, "To madalla, ɗana, ashe albashi ya shigo." Ranar na yi rabon da ban shirya ba. Wannan mai sauƙi ne. Da lambar sirrin banki ce ko saƙon da bai kamata surukai su gani ba fa? Kafin ka haska, ka kunna Do not disturb. In gidan haya kake mai ɗakuna jere, ka canza wa talabijin ɗinka suna, domin in maƙwabci na da irinsa sunayen iri ɗaya za su fito, kana iya aika fuskar wayarka ɗakin wani.

Aike: Google Cast da maɓallin YouTube

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, amma a nan aiken ya fi daɗi in akwai halinsa. Ka taɓa ɗan akwatin nan mai alamar Wi-Fi a kusurwar YouTube, ka zaɓi talabijin, shi ke nan. Kana iya amsa kira, ka shiga WhatsApp, ka kashe fuskar waya ka sa ta a aljihu, kallo na ci gaba. Wayar ba ta zafi, batir ba ya zuba, saƙonka ba ya fitowa a bango. Hoton ma ya fi kyau, don kai tsaye yake zuwa ba a sake matse shi ba.

Google Cast yana zuwa a cikin talabijin masu Android TV ko Google TV, irin na Sony da TCL da yawa. Yawancin Samsung da LG da Hisense da ke gidajenmu nasu tsarin daban ne (Tizen, webOS da VIDAA), amma duk da haka maɓallin YouTube yana aiki da su muddin manhajar YouTube na cikin talabijin.

Sharaɗinsa shi ne inda gizo ke saƙar: dole waya da talabijin su kasance kan Wi-Fi ɗaya mai intanet. Mai rawuta ko MiFi a gida ba shi da damuwa. Wanda kuma datarsa duk a waya take sai ya buɗe wa talabijin hosfot. Yin aike daga wayar da ita ce ke ba da hosfot ɗin wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. Abin da ya fi tabbas shi ne waya biyu, ɗaya ta ba da intanet, ɗaya ta yi rimot. YouTube na da wata ƙofar baya: a saitin manhajarsa ta talabijin akwai Link with TV code, ya ba ka lamba ka rubuta a waya, sai su haɗu ko ba kan Wi-Fi ɗaya suke ba. Amma ko a nan sai talabijin ɗin na da intanet nasa.

Haɗarinsa a aljihu yake. Talabijin ne ke zaɓar inganci, kuma in ya ga sabis na gudu sama yake hayewa. Yara su kunna katun bayan la'asar, kafin isha'i datar sati ta tafi. Ana iya rage ingancin da rimot a cikin bidiyon, sai dai wa zai tuna kullum? Bayan haka talabijin in ya samu intanet yakan sauke sabuntawarsa ba tare da neman izini ba. Ga bidiyon da ke cikin waya kuma aike ba gwani ba ne, sai an bi ta wata manhaja kuma duk da haka sai da Wi-Fi a tsakani.

Masu kallon ƙwallo su sani: yawanci kallon da ya biyo ta intanet yana bayan na tauraron ɗan'adam. Za ka ji ihun gidan kallon unguwa kafin ɗan wasan naka ya buga.

AirPlay, ga masu iPhone

Wannan na Apple ne, kuma yana yin aikin biyu, madubi da aike. Tun 2019 Samsung da LG da Sony suka fara saka AirPlay 2 a talabijin ɗinsu, daga baya wasu suka biyo. In naka na da shi, kyauta ne, kuma cikin duka hanyoyin shi ya fi rashin gardama: talabijin ya nuna lamba huɗu, ka rubuta a waya, an gama. Yana son Wi-Fi ɗaya tsakanin na'urorin biyu. Netflix ta daina karɓar AirPlay tun 2019, sai dai a buɗe manhajarta a talabijin. Mai iPhone da zai sayi sabon talabijin ya duba kwali ya ga tambarin AirPlay da idonsa, don kamfani ɗaya kan fitar da mai shi da marar shi. Akwatin Apple TV ban kawo shi cikin lissafi ba, kuɗinsa ya yi yawa a kan wannan ɗan aikin.

Ɗan maƙale mai arha

AnyCast da 'yan uwansa, waɗanda ake cusawa a ramin HDMI a ba su wuta ta USB. Su ne mafi arha cikin abin da ake saye, kuma ana samunsu a shagunan kayan waya na cikin gari ba sai an aika Farm Centre a Kano ba. Aikinsu shi ne su ba tsohon talabijin madubi: filasma ɗin da ba simat ba, muddin yana da HDMI, zai karɓi hoton Android, kuma yawancinsu suna kwaikwayon AirPlay har iPhone ta shiga. Ba sa buƙatar intanet.

Arha dai ba ta ado. Sunan ɗaya ne a kwali amma masu ƙera su barkatai ne, biyu da ka saya rana ɗaya sai hali ya bambanta. Suna zafi a bayan talabijin, hoto ya riƙa tsinkewa, musamman a dogon bidiyo. Rabin wannan matsalar daga wuta ce: ramin USB na talabijin da yawa rabin amfiya yake bayarwa, abin kuma ya fi son cikakken amfiya ɗaya. Ka jona shi da kan caja mai kyau, ka fito da 'yar eriyarsa fili kar ta maƙale a bango, za ka ga bambanci. Sauƙinsa matsakaici ne, don wasu sai an danna ɗan maɓalli a sauya tsakanin Android da iPhone. Kar ka biya sai an gwada da wayarka a shagon, kuma a bar bidiyo ya yi minti goma yana tafiya, domin minti ɗaya na farko kowanne lafiya yake yi. Wanda talabijin ɗinsa ke da madubi a ciki kuwa, sayen wannan sayen abin da kake da shi ne.

Ɗan maƙale mai rimot

Nan ne su Xiaomi TV Stick, Amazon Fire TV Stick da Chromecast mai Google TV suke. Waɗannan ƙananan kwamfutoci ne masu manhajojinsu da rimot ɗinsu, suna mayar da kowane talabijin mai HDMI simat, har su fi simat ɗin da aka saya da arha sauri. Kuɗinsu ya ninka na AnyCast sau da dama. Dukansu sai da intanet da asusu kafin a ci cikakkiyar moriyarsu, na Google ko na Amazon.

Ba halinsu ɗaya ba. Na Xiaomi da Chromecast suna da Google Cast, wato gwanayen aike ne. Fire TV Stick shi madubin Miracast yake karɓa daga Android, ba shi da Google Cast, ko da yake maɓallin YouTube na aiki da shi. Sai ka san wanne kake nema.

Game da Chromecast akwai abin lura. Google ta fito da na farko a 2013 kan dala 35, ta kuma sanar da daina ƙera su a Agustan 2024, ta maye gurbinsu da Google TV Streamer mai kusan dala 100. Duk wanda ka gani a kasuwa yanzu ragowar kaya ne ko na hannu. A Maris 2025 Chromecast ƙarni na biyu sun tsaya cak a duniya baki ɗaya na kwanaki saboda wata shaidar tsaro da wa'adinta ya ƙare a cikinsu, sai da kamfanin ya aiko da gyara. Wannan ya nuna ƙarkon irin waɗannan kaya ba a jikin roba kawai yake ba, yana hannun kamfanin da ke ci gaba da kula da su. Tsohon Chromecast marar rimot ban ba kowa shawarar saye ba yau.

Sai akwatunan Android marasa suna, masu alƙawarin tashoshi dubu kyauta da rubutun 8K a kwali. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0 da ake samu a irin waɗannan na'urori, wasu tun daga masana'anta, tana amfani da intanet ɗin gidanka wajen aikin wasu. Na'urar da ba ta da shaidar Play Protect ta Google, kar ka sa mata asusunka na Gmail, wanda shi ne dai ke riƙe da lambobinka da hotunanka.

| Hanya | Kuɗi | Intanet | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Madubin cikin talabijin | Babu | Ba dole | Na talabijin; waya ke shan zafi | Da sauƙi bayan karon farko | Saƙonni a bango |
| Google Cast ko maɓallin YouTube | Babu in yana ciki | Dole | Mai kyau | Mafi sauƙi | Cin data |
| AirPlay | Babu in yana ciki | Wi-Fi ɗaya | Mai kyau | Da sauƙi ƙwarai | Saƙonni in madubi ne |
| AnyCast da irinsa | Kaɗan | Ba dole | Sa'a ce | Matsakaici | Tsinkewa, mutuwa da wuri |
| Ɗan maƙale mai rimot | Da ɗan nauyi | Dole | Mai kyau in an kare shi daga wuta | Da sauƙi, har ga tsofaffi | Data, da jabu |
| Akwati marar suna | Tsaka-tsaki | Dole | Ba tabbas | Da rikici | Muguwar manhaja |

Wuta ta shafi kowa a teburin nan. In an ɗauke ta, madubi sai an sake haɗawa daga farko, ɗan maƙale kuma sai ya sake tashi ya nemi Wi-Fi. Ɗan maƙale ba ya cin wuta, wat kaɗan ne, ba zai dami mai sola ba. Abin da ke kashe shi shi ne dawowar wuta da ƙarfi ko sauyi zuwa janareta, don haka a jona shi inda aka jona talabijin, bayan sitabilaiza.

Wa ya dace da wanne

In kallonka duk na cikin waya ne, fina-finan turi da bidiyon biki da karatun da aka sauke, kuma wayarka Android ce, talabijin simat: madubin ciki, kar ka sayi komai. In talabijin ɗin tsoho ne, ka ƙara AnyCast, da sharaɗin gwaji a shago.

In gidan na da MiFi ko rawuta da datar wata, kuma YouTube ne abincin yau da kullum, ko tafsirin azumi kai tsaye da ake son iyali su zauna su gani tare: aike. Wanda ke saye da ɗai-ɗai, datar kwana ko ta sati, ya fi masa ya zauna kan madubi ya riƙe 480p da hannunsa.

In don iyaye ne, waɗanda ba za su yi ta laluben saiti a waya ba, ko kuma simat ɗin ya tsufa manhajojinsa sun daina buɗewa, ɗan maƙale mai rimot na kamfanin da aka sani ya cancanci kuɗinsa. Malamin da ke son nuna wa ɗalibai takarda ko hoto a aji, inda babu Wi-Fi, madubi ne nasa, amma da wayar da aka rufe wa saƙonni. Mai iPhone ya fara duba AirPlay a saitin talabijin. In babu, YouTube zai yi aiki ta hanyar aike, hotuna da bidiyon cikin waya kuma sai ta ɗan maƙalen da ke kwaikwayon AirPlay. Masu tunanin kebul daga waya zuwa HDMI su yi tambaya tukuna, don yawancin Tecno da Infinix da itel ramin cajinsu ba ya fitar da hoto.

Ƙanwata dai Infinix ce a hannunta, talabijin ɗin kuma yana da madubi a ciki. Ta waya na yi mata kwatance, cikin minti biyar kamu ya fito a bango, na ji guɗa ta tashi a falon. Bayan kwana biyu ta sake kira, wai wayar na zafi kuma ba ta samun amsa kiran masu yi mata Allah sanya alheri. Na ce wa mijin ya sayi filash a tura bidiyon a ciki a soka a bayan talabijin. Yanzu shi ke ta zagayawa tun safe, wayar kuma ta koma hannun mai ita.